Kimiyyar Bayanai Ba Tare da Digirin Kwamfuta Ba: Ta Ina Ɗan Kebbi Zai Shiga?

A 'yan shekarun nan da wuya ka zauna da matasan da suka gama jami'a ko kwaleji a Birnin Kebbi, Jega, Zuru ko Yauri ba tare da wani ya kawo zancen kimiyyar bayanai ba, wato fannin tace alƙaluma da kwamfuta don fito da ma'anarsu. Akasarin masu wannan zance ba kwamfuta suka karanta ba, ba kuma lissafi ba. Akwai mai digirin tarihi, akwai ma'aikaciyar lafiya, akwai malamin firamare, akwai wanda ya karanta aikin gona ko Hausa ko nazarin addinin Musulunci, kuma tambayarsu ɗaya ce: shin mutum zai iya koya wa kansa wannan fanni har ya zame masa sana'ar da zai riƙe gida da ita? Amsata ita ce zai iya, kuma da gaske nake faɗar haka. Sai dai ina da sharaɗi guda, wanda masu tallan kwasa-kwasai ba su cika ambatonsa ba: wanda zai shiga wannan fanni daga Kebbi ya shiga ta ƙofar abin da ya riga ya sani, ya riƙe iliminsa na farko a matsayin jari, kada ya ɗauke shi shekarun da suka tafi a banza.

Domin a fahimci dalilina, sai an fara ganin yadda aikin yake a zahiri, domin mutane da yawa sun ɗauka zama ne gaban allo ana rubuta wasu kalmomin Turanci masu wuyar karantawa. A shiga kowane ƙaramin asibiti a ƙauyukanmu, za a tarar da manyan littattafan rajista a kan teburi: na riga-kafin yara, na awon ciki, na haihuwa, na marasa lafiyar da ake dubawa su koma gida. Idan wata ya ƙare, ma'aikaci zai ƙirga abin da ke cikinsu layi-layi, ya cike fom ɗin taƙaitawa na wata, a kai wa jami'in sa ido na ƙaramar hukuma, shi kuma ya shigar da alƙaluman cikin manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ta samar kuma Najeriya ta ɗauke ta don tattara bayanan lafiya na ƙasa. Daga nan ne Birnin Kebbi da Abuja suke ganin inda aka yi ƙoƙari da inda aka gaza, daga nan ne kuma ake yanke shawarar inda za a tura allura da ma'aikata.

To, yakan faru a ga wata mazaɓa ta yi wa yara riga-kafi fiye da kashi 100 cikin 100, wata kuma makwabciyarta ta tsaya a ƙasa sosai. Wanda ya ƙware a kwamfuta amma bai san wurin ba zai ce ko dai an yi ƙarya a ta farko ko kuma ma'aikatan ta biyu ba sa aiki, ya zana kyakkyawan jadawali mai ja da kore ya miƙa. Wanda ya yi aiki a wurin kuwa ya san cewa adadin yaran da ake sa ran samu kiyasi ne da aka ɗora a kan ƙidayar 2006, wadda har yau ita ce ta ƙarshe da aka yi a ƙasar nan, ana ɗaukar kashi 4 cikin 100 na jama'a a matsayin yara 'yan ƙasa da shekara ɗaya. Ya san cewa a Kamba da sauran garuruwan kan iyaka mata suna tsallakowa daga Nijar ranar kasuwa da goyonsu. Ya san cewa rashin tsaro ya tashi ƙauyuka a yankin Danko-Wasagu da Sakaba, mutane suka taru a manyan garuruwa, don haka yaran da takarda ta ce suna can a yanzu suna nan. Wannan sanin shi ne rabin aikin nazarin bayanai, kuma babu wani kwas a intanet da zai koyar da shi. Sauran rabin, wato iya tace alƙaluma da kwatanta su da fito da ma'anarsu, shi ne abin da ake iya koya a ɗaki da kwamfuta da haƙuri.

Makwabtanmu na Zamfara sun ga misalin wannan a shekarar 2010, lokacin da ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke bibiyar cutar sanƙarau suka lura cewa yara ƙanana suna mutuwa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum fiye da yadda aka saba, kuma magungunan da ake ba su ba sa yin tasiri. Bincike ya gano gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake dakawa a cikin gidaje, kuma an kiyasta yara kusan 400 ne suka rasu. Abin da ya fara tona wannan masifa ido ne da ya san yadda adadi ya saba kasancewa, ya ga ya sauya, ya ƙi yin shiru. Wannan ɗabi'a ce asalin fannin, kuma ma'aikacin lafiya ko malamin gona ko akawun da ya daɗe a bakin aikinsa ya fi sabon mai digirin kwamfuta kusa da ita.

Yanzu sai in faɗi abin da ba shi da daɗin ji. Ana yaudarar matasanmu. Tallan da ke yawo a Facebook da WhatsApp yana cewa ka biya kuɗi kaza, cikin mako shida ko wata uku ka zama gwani, ka zauna a ɗakinka kana karɓar albashi da dala. Wannan zance ya samo asali ne daga wani zamani da ya wuce. A 2012 mujallar Harvard Business Review ta bayyana aikin masanin kimiyyar bayanai a matsayin wanda ya fi kowane aiki jan hankali a ƙarni na 21, kuma a shekarun da suka biyo baya kamfanonin Amurka da Turai sun yi ta neman ma'aikata ruwa a jallo. Amma daga ƙarshen 2022 zuwa 2023 manyan kamfanonin fasaha irin su Meta da Amazon da Google sun sallami dubban ma'aikata, waɗanda suka dawo kasuwa suna neman aikin da sabon shiga yake nema. A daidai lokacin ne ChatGPT ya fito, a Nuwamban 2022, kuma shi da ire-irensa na ƙirƙirarriyar basira suna iya rubuta ƙananan umarnin kwamfuta da a da ake ɗaukar sabon ma'aikaci don ya rubuta. A nan gida ma, dakatar da tallafin Amurka a farkon 2025 da rufe hukumar USAID sun taɓa ƙungiyoyin da ke aikin lafiya a Kebbi da Sakkwato, waɗanda suna cikin masu ɗaukar matasa aikin tattara bayanai da sa ido.

Saboda haka duk wanda ba shi da abin nunawa sai iya rubuta 'yan layukan Python, wani harshen ba kwamfuta umarni, ya shiga layi mai tsawo wanda ya haɗa da 'yan Indiya da Kenya da Legas, kuma da yawansu sun fi shi wutar lantarki da saurin intanet. Wanda kuwa ya haɗa wannan iyawa da sanin noman shinkafa a fadamar Argungu da Suru, ko sanin yadda littafin asibiti yake, ko zurfin harshen Hausa, layinsa gajere ne ƙwarai. Na ambaci Hausa da gangan, domin masu digirinta sukan ɗauka ba su da rabo a nan, alhali masu gina manhajojin fassara da na gane magana suna buƙatar wanda zai tantance rubutu, ya bambance yabo da habaici, ya gane Sakkwatanci da Kananci. Tarin rubutun Twitter da masu bincike suka fitar a 2022 da sunan NaijaSenti, wanda ya ƙunshi Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin Buroka, mutane ne masu jin harsunan suka zauna suka yi wa saƙonnin alamar yabo ko suka ko tsaka-tsaki, ɗaya bayan ɗaya.

Ya kamata kuma a rarrabe matakan aikin, domin sunan ɗaya ne amma ɗakunan da yawa. Akwai mai nazarin bayanai, wanda aikinsa shi ne tsabtace alƙaluma, amsa tambayoyin shugabanni da su, da shirya rahoto. Akwai mai gina tsarin da kwamfuta ke koyo daga bayanan baya don yin hasashe. Akwai kuma mai binciken da ke ƙirƙiro sababbin hanyoyi, wanda kusan ko da yaushe sai da digiri na biyu ko na uku da lissafi mai zurfi. Matakin farko a buɗe yake ga mai koya wa kansa, kuma nan ne mafi yawan guraben aiki suke a ƙasarmu. Na biyu yana yiwuwa bayan shekaru ana aiki. Na uku kuwa, duk wanda ya ce maka za ka kai gare shi daga bidiyon YouTube kaɗai bai gaya maka gaskiya ba.

Game da abin da za a koya, ina da ra'ayi mai ƙarfi a kan jerin da za a bi, domin na ga yadda rashin tsari yake karya gwiwar masu himma. Matashi zai fara da darasin ƙirƙirarriyar basira saboda shi ne ake yayi, ya yi mako biyu bai gane komai ba, ya yanke hukuncin cewa ƙwaƙwalwarsa ce ba ta ja. A fara da Excel, manhajar jera alƙaluma a tebur, a san shi sosai, domin shi ne yake kan kwamfutar kowace ma'aikata da kowane kamfanin casar shinkafa a jihar nan, kuma mutumin da ya iya haɗa tebur biyu, ya gano sunan da aka maimaita, ya taƙaita layi dubu goma zuwa shafi ɗaya, ya riga ya zama mai amfani a ofishinsa. Bayan haka sai SQL, harshen da ake tambayar rumbun bayanai da shi, wanda ba shi da wahala kuma kusan kowace jarrabawar ɗaukar aiki a wannan fanni tana tambayarsa. Sannan harshen Python ko na R, duka kyauta ne. Manhajojin tattara bayanai da waya irin su KoboToolbox da ODK, waɗanda ƙungiyoyi ke amfani da su a ƙauyuka, ana iya koyonsu cikin ɗan lokaci a gefe.

Amma abin da ya fi waɗannan duka muhimmanci, kuma wanda masu koya wa kansu suka fi gudu, shi ne ilimin ƙididdiga. Da yawa daga cikin waɗanda suka karanta fannin adabi ko zamantakewa sun zaɓe shi ne tun farko don su tsere wa lissafi, kuma ba zan ɓoye musu ba cewa a nan sai sun dawo sun fuskance shi. Abin farin ciki shi ne lissafin da ake buƙata a matakin farko bai fi ƙarfin wanda ya gama sakandare ba, in dai zai zauna ya fahimce shi maimakon haddace shi. A ɗauki misali. A ce manoma goma ne a wata ƙungiya, tara daga cikinsu kowa ya samu buhu 30 na shinkafa shanshera, na goman kuma babban manomi ne mai injinan ban-ruwa da yawa, ya samu buhu 300. Idan aka tara aka raba, za a ce matsakaicin abin da manomi ya samu buhu 57 ne, alhali babu ko mutum ɗaya a cikinsu da ya samu hakan, kuma tara cikin goma ba su kai ko kusa ba. Idan banki ko gwamnati ta tsara biyan bashi a kan buhu 57, ta ɗora wa mutum tara nauyin da ba za su iya ɗauka ba. Mai nazari na ƙwarai zai jera adadin daga ƙarami zuwa babba ya ɗauki wanda ya faɗo a tsakiya, wato 30, ya kuma bayyana cewa akwai mutum ɗaya da ya fita daban. Kwamfuta za ta lissafa maka kowanne cikin ƙiftawar ido, amma ba za ta gaya maka wanda ya dace da tambayarka ba.

Wannan misali ba nesa yake da mu ba. A Birnin Kebbi ne aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Bankin Najeriya a Nuwamban 2015, kuma ƙorafe-ƙorafen da suka biyo baya a faɗin ƙasa, na rashin biyan bashi da na sunayen da ba manoma ba, a gindinsu tambayoyi ne na bayanai: wane ne manomin, ina gonarsa, kadada nawa ce, me ya girbe bara. Haka nan batun wanda aka tambaya da wanda aka bari. Idan ka tura tambayoyi ta WhatsApp a kan farashin taki, amsar da za ka samu ta masu babbar waya ce da ke iya karatun boko, galibinsu maza mazauna gari, kuma idan ka ce wannan ne ra'ayin manoman Kebbi ka yi wa matan da ke turara shinkafa da tsofaffin da ke fadama ƙarya ba tare da ka yi niyya ba. Wanda bai koyi irin waɗannan ƙa'idoji ba, iya kwamfutarsa ba abin da zai ƙara masa sai saurin yaɗa kuskure.

Akwai kuma Turanci da iya rubutu. Kusan duk littattafai da darussan fannin da Turanci suke, saƙon kuskuren da kwamfuta ke fitarwa ma da shi yake zuwa, don haka wanda Turancinsa yake da rauni ya haɗa gyaransa cikin shirin karatun. A ɗaya gefen kuma, ƙarshen kowane nazari shi ne a tsaya gaban darakta ko shugaban ƙungiyar manoma ko hakimi a faɗa masa cikin jimla uku abin da aka gano da abin da ya kamata a yi. A nan malamin makaranta da mai digirin tarihi ko aikin jarida sukan fi ɗan kimiyya, kuma bai kamata su raina wannan fifiko ba.

Ba zan yi kamar ban san halin da muke ciki ba. Kwamfutar tafi-da-gidanka ko ta hannu ce kuɗinta ya ninka mafi ƙarancin albashi, wanda a jihar nan naira 75,000 ne. Wuta ba ta da tabbas, kuma a watannin Maris da Afrilu zafin Birnin Kebbi kaɗai ya isa ya hana mutum zama a ɗaki da rana. A farkon 2025 hukumar sadarwa ta amince wa kamfanoni ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data, kuma darasin bidiyo yana lashe data da sauri. 'Yan'uwanmu na Zamfara sun ɗanɗana abin da ya fi haka a Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka yi makonni babu kira babu intanet. Duk wanda ke ba da shawarar karatun kai-da-kai daga inda wuta ba ta ɗaukewa, ya san cewa abin da ya ɗauke shi wata shida zai iya ɗaukar ɗan Bagudo ko Talata Mafara shekara ɗaya da rabi, kuma wannan ba gazawar ɗan Bagudo ba ce.

Duk da haka akwai dabarun da ke rage nauyin. Littafi da rubutaccen darasi sun fi bidiyo sauƙin data, kuma sun fi shi zama a kai, domin mai kallon bidiyo yakan ji kamar ya iya alhali hannunsa bai taɓa komai ba. Python da R da Excel duk suna aiki ba tare da intanet ba da zarar an ɗora su. Tsohuwar kwamfuta ta isa matakin farko, kuma idan aiki ya yi nauyi akwai Google Colab da Kaggle da ke ba da aron ƙarfin kwamfuta kyauta. Wuraren koyo na kyauta ma suna nan. Shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, wanda ministan sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar a ƙarshen 2023 da rukunin farko na mutum 30,000, yana da ɓangaren nazarin bayanai. Akwai Data Science Nigeria, akwai kuma Arewa Data Science Academy, wadda wasu masana 'yan Arewa suka kafa don koyar da matasanmu ba tare da biyan kuɗi ba. Coursera, dandalin kwasa-kwasai na intanet, tana da tsarin neman tallafi ga wanda ba zai iya biya ba. Dandalin Zindi yana shirya gasa a kan matsalolin Afirka, inda mutum zai gwada kansa da wasu. Shawarata ita ce a zaɓi ɗaya ko biyu a bi su har ƙarshe, domin yawan tsalle daga wannan kwas zuwa wancan ya fi rashin kwas ɓata lokaci.

Wannan ya kawo ni ga batun takardun shaida, wanda ya zame wa matasanmu wata cuta. Za ka ga mutum ya jera satifiket fiye da goma a shafinsa, amma idan ka ba shi tebur mai datti, wanda aka rubuta sunan Gwandu ta hanya huɗu daban-daban kuma aka bar wasu gurabe babu komai, sai ya rasa inda zai fara. Darussan intanet suna ba ɗalibi bayanai tsabtatattu, kuma dubban mutane a duniya sun yi aiki iri ɗaya a kan jerin fasinjojin jirgin ruwan Titanic, don haka mai ɗaukar aiki ya gaji da ganinsa. Me zai hana ɗan Aliero ya riƙa zuwa kasuwa kowane mako yana rubuta farashin buhun albasa, daga lokacin girbi da take arha har zuwa ƙarshen damina da take tsada, ya tambayi masu ajiya a rudu nawa ke ruɓewa a cikin buhu goma, sannan ya lissafa a wane wata ne ribar jira take rufe asarar ruɓewa? Wannan aiki ne da babu wanda ya yi masa shi, manomi zai amfana da amsarsa, kuma duk mai hankalin da ya gan shi zai san cewa mai shi ya iya tattarawa, ya iya tacewa, ya iya tunani. Malamin makaranta yana da sakamakon jarrabawa da rajistar halarta na shekaru. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana wallafa farashin abinci da na man fetur jiha-jiha a shafinta, kowa yana iya saukewa. Sai dai a kiyaye amana: sunan mara lafiya ko na ɗalibi ko lambar wayar manomi ba abin ɗorawa a intanet ba ne don neman aiki, addini ya hana tona asirin mutane, kuma dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta tanadi hukunci a kai. A nemi izini, a cire duk abin da zai nuna ko wane ne.

Kwanakin baya wata ɗiyar ƙanwata, wadda ke aikin adana bayanan marasa lafiya a wani asibitin gwamnati, ta same ni da maganar tana son ajiye aiki ta zauna gida ta yi karatun sosai. Ta ce, "Kawu, aikin nan yana cinye mini lokaci, kuma albashin bai taka kara ya karya ba." Na ce mata, "Ɗiyata, littattafan da kike cikewa kullum su ne abin da wasu ke biyan kuɗi su samu su yi gwaji da irinsu. Ki zauna, ki nemi izinin shugabanki, ki fara gyara rahoton wata na asibitinku." Abin da na gaya mata shi nake gaya wa duk mai aiki a hannu, ko da ƙarami ne: barinsa don kwas ɗin da ba a san ƙarshensa ba sakin reshe ne a kama ganye. Hanyar da na fi ganin tana kai mutane ita ce su zama wanda ake kira a ofis idan alƙaluma sun rikice, daga nan a ba su aikin sa ido da tantancewa, daga nan sunansu ya fita zuwa wata ƙungiya ko kamfani. Ga mata musamman, waɗanda aure ko reno ko nisa ke hana su komawa jami'a a wani gari, wannan karatu yana da fa'idar da ba kowane fanni ke da ita ba, kuma ina kira ga mazaje da iyaye su ɗauki sa'a biyun da mace ta keɓe wa kwamfuta a matsayin neman ilimi.

Masu digirin kwamfuta da ƙididdiga suna da ƙorafi, kuma ya cancanci a saurare shi da adalci. Suna cewa sun yi shekara huɗu suna fama da lissafi, ga wani ya yi wata shida yana kiran kansa da sunan da su ma suke jin nauyin ɗauka. Suna da gaskiya a wuri ɗaya mai muhimmanci: babban raunin mai koya wa kansa shi ne ba shi da malamin da zai ja masa jan biro, don haka yana iya shekara yana maimaita kuskure ɗaya da cikakken tabbacin cewa daidai yake yi. Ƙirƙirarriyar basira ta ƙara wannan haɗari, domin tana ba da amsa cikin ƙarfin hali ko da ba daidai ba ce, kuma wanda bai san tushe ba ba zai gane ba. Maganin wannan shi ne mai koyo ya nemi wanda zai duba aikinsa, ya kuma jure gyara. Muna da malaman ƙididdiga da kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, da Kwalejin Waziri Umaru, kuma al'adarmu ta zuwa gaban malami da littafi a ɗauki karatu ba ta tsaya a ilimin addini kaɗai ba. Mutum huɗu ko biyar da ke haɗuwa duk Asabar suna duba aikin juna sun fi mutum ɗaya da ke fama shi kaɗai da dare. Wanda kuma ya yi nisa har ya ga takarda ce ke tare masa hanya, yana iya yin difloma ta gaba da digiri a ƙididdiga ko kwamfuta, kuma zai shige ta da fahimtar da ta fi ta wanda bai taɓa riƙe bayanan gaske ba.

Inda ban yarda da masu ƙorafin ba shi ne idan suka ce takarda ce kaɗai ma'auni. A nan ne nake ganin gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi 21 na Kebbi suna da aikin yi, domin tsarin ɗaukar ma'aikata da ƙarin girma har yanzu sunan digiri yake kallo, kuma ma'aikacin da ya koya wa kansa har ya iya abin da sashen tsare-tsare ke buƙata ba shi da hanyar da za a gane shi a hukumance. Gyaran ba mai tsada ba ne. Idan ma'aikatar lafiya ko ta ilimi ko ta gona tana neman mai nazarin bayanai, ta tara masu nema a ɗaki, mai digirin kwamfuta da mai digirin tarihi, ta ba kowa tebur ɗaya mai datti da tambaya uku da sa'a uku, a ɗauki wanda ya fito da amsa mai ma'ana ya kuma iya bayyana ta da Hausa da Turanci. Sannan ma'aikatun su riƙa sakin alƙaluman da ba su ƙunshi sirrin kowa ba, kamar yawan ɗalibai da malamai a kowace makaranta, farashin hatsi a kasuwannin Jega da Kamba da Yauri, da adadin ruwan sama, a cikin tebur da za a iya saukewa, domin matashin da ke koyo ya samu bayanan jiharsa ya yi gwaji da su. A buɗe ɗaki ɗaya mai sola da intanet a ɗakin karatu na kowace hedikwatar masarauta, Gwandu da Argungu da Yauri da Zuru, a bar shi a buɗe har bayan sallar isha'i, domin yawancin waɗanda nake magana a kansu ma'aikata ne da 'yan kasuwa da ba su da lokacin karatu sai sun tashi daga aiki.